Suna Zuwa Makaranta, Amma Sun Iya Karatun Kuwa?

Jawabin kwamitin ilimi a taron cikar shekara na ƙungiyarmu

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, 'yan uwa mambobi da maigidanninmu da suka samu halarta, barkanmu da wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

Duk wadda ta duba littafin rancen ƙungiyar nan ta san inda kuɗinmu ya fi tafiya idan hutu ya ƙare: kuɗin makaranta, yunifom, takalmi, littattafai. Wata ta kwashi adashenta gaba ɗaya ta zuba a kan yara. To, tambayar da muka zo da ita yau ita ce, bayan duk wannan ɗawainiya, yaran sun iya karatun kuwa?

Abin da ya tayar mana da wannan magana a cikinmu ya faru. Wata 'yar kwamiti ta miƙa wa 'yarta, 'yar aji huɗu, takardar maganin da aka ba ta a asibiti, ta ce ta karanta mata. Yarinya ta ƙura wa takarda ido, ta yi shiru, sai hawaye. Ga shi kuwa ba ta fashin makaranta, kuma littafinta cike yake da rubutu mai kyau. Ashe kwafa kawai take yi daga allo. Da muka gwada namu yaran, sai muka tarar ba ita kaɗai ba ce.

Kada wata ta ɗauka gidanta ne kawai. A rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da UNICEF da UNESCO a 2022, an ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, yara 7 cikin 10 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara kuwa, abin ya kusa 9 cikin 10.

Masana sun daɗe suna gwada abin da ke magance wannan, kamar yadda ake gwada iri a gona: a ba wasu makarantu, a bar wasu, sannan a auna bambanci. Uku daga cikinsu, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer, sun samu kyautar Nobel a 2019 saboda irin wannan aiki. Bari mu kawo muku darasi uku daga binciken.

Na farko daga yammacin Kenya. An raba wa makarantun karkara littattafan karatu, ana zaton maki zai tashi. Da aka auna, sai aka ga yaran da dama can suke kan gaba su ne suka amfana, sauran kuwa ba abin da ya canza. Dalili? Littattafan da Turanci aka rubuta su, kuma sun fi ƙarfin yawancin yaran. Kun ga ke nan, sayen littafi kawai bai isa ba idan yaro bai iya haɗa baƙi ba.

Na biyu daga Indiya, kuma shi ne ya fi taɓa mu. Wata ƙungiya mai suna Pratham ta ɗauki 'yan mata daga cikin unguwa, waɗanda suka gama sakandare, ta ba su horo na mako biyu. Kowace rana sai su ware yaran da aka bari a baya, su zauna da su awa biyu, suna koya musu haruffa da ƙirga daga tushe. Da aka auna a biranen Mumbai da Vadodara, yaran sun ci gaba, kuma waɗanda suka fi rauni su suka fi samun ci gaban. Daga nan aka gina tsarin koyar da yaro daidai matakinsa: ba a duba ajinsa ko shekarunsa, ana duba abin da ya iya. Wanda bai san harafi ba rukuninsa daban, mai haɗa kalma daban, mai karanta labari daban. Yau ana amfani da tsarin a ƙasashen Afirka da dama, har da wasu jihohinmu na Arewa. Ku lura da su wa suka yi aikin: 'yan matan unguwa, irin waɗanda ke zaune a gidajenmu sun gama makaranta.

Na uku ya shafi lafiyar yaro. A yankin Busia na Kenya, daga 1998, an ba yara maganin tsutsar ciki a makarantun firamare 75, kashi-kashi. Fashin makaranta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Amma gaskiya ɗaya ce, makin jarrabawa bai tashi ba a lokacin. Ma'ana, lafiya tana kai yaro aji, amma sai an koyar da shi yadda zai gane. Dole a haɗa biyun. Mu kanmu mun sani, yaron da ya fita da yunwa ko yake tsoron bulala hankalinsa ba ya kan allo.

To, me za mu yi? Kwamiti na roƙon abu huɗu.

Yau da daddare, kowace uwa ta zaunar da ɗanta, ta ba shi ɗan rubutu na Hausa ya karanta da ƙarfi. Wadda ba ta yi boko ba ta kira yayansa ko maƙwabciya su saurara tare, kunne ai yana gane mai karatu da mai lalube. Idan ya kasa, don Allah ban da duka, ban da "daƙiƙi". Ba laifinsa ba ne, an wuce da shi ne bai kama ba.

Sannan mu je wurin malamai da ladabi. Malamin da ke gaban aji maƙil da yara ba zai iya bin kowa ɗaya-ɗaya ba. Mu tambaye shi inda yaro ya tsaya, da abin da za mu taimaka da shi a gida.

Abu na uku, kada yaro ya fita da safe ciki ba komai, ko da koko ne da ƙosai. Idan ma'aikatan lafiya sun zo rabon maganin tsutsa, mu bari a ba su.

Na ƙarshe, muna neman izinin wannan taro a ware wani abu daga ribar bana, mu buɗe darasin yamma a zauren ƙungiya. 'Ya'yanmu mata da suka gama sakandare su koyar, mu nemi ƙwararriyar malama ta horar da su, mu ba su ɗan alawus. A raba yara bisa abin da suka iya, a fara da Hausa, harshen da suke tunani da shi. Bayan wata uku mu sake gwada kowane yaro. Idan da ci gaba mu ƙara, idan babu mu gyara. Yadda ba ma rufe littafin kuɗi sai mun ƙirga, haka za mu riƙa ƙirga karatun yaranmu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Fatanmu, baɗi war haka, yarinyar nan da ta yi kuka a kan takardar magani ita za ta tsaya a nan ta karanta mana rahoton shekara.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ƙara haɗa kanmu.