Kafin Ɗan Gwangwan Ya Yanka Ta: Fijo 504 da Yadda Ake Tashe Ta

Yau hirar ta mota ce. Na san wasu za su ce, malam, ana ta wuta kana ta mota? Ku ɗan ba ni minti goma.

Duk wanda ya tashi a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya san gida aƙalla guda da aka jingine tsohuwar Fijo a bayansa. Tayoyi sun lotse, kaji na kwana a ciki, yara na wasan direba da sitiyarin. Motar kaka ce, ko ta baba. To 'yan gwangwan suna zagayawa, kuma su ba ruwansu da tarihi, kilo suke aunawa. Rana ɗaya za a kira mai walda ya raba ta gida huɗu, kuɗin ma ba zai kai ƙarshen wata ba.

Mu fara da asalinta. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana sigarta, a 1969 kuma aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Mu nan, an kafa kamfanin PAN a 1972, masana'antarsa ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Da gwamnatin soja ta Murtala da Obasanjo ta zo da tsarin rage facaka, Fijo ta zama motar gwamnati, tun daga manya har sakataren ƙaramar hukuma. Turawa sun daina sayar da ƙaramar 504 ɗin a ƙasashensu a 1983, amma Ajantina ta ci gaba da yin ta har 1999, Kaduna kuwa sai da ta wuce shekarar 2000 tana fitar da ita sabuwa dal. An ƙera fiye da miliyan 3 a duniya. Ku lura da shekarun nan: lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, daga 1974 zuwa 1978, shi ne daidai lokacin da Fijon Kaduna ta fara cika hanyoyinmu. Hanyar Gusau zuwa Sakkwato, wadda ta ratsa Mafara, ta sha wagon mai layin kujeru uku da akori-kura mai ɗaukar shinkafa da albasa ranar kasuwar Talata.

Me ya sa ta jure hanyoyinmu? Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, shok ɗinta na da doguwar tafiya, shi ya sa take haɗiye rami ba ta karya ma baya ba. Tayoyin baya ke tura ta, kuma sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa baya tana cikin wani bututun ƙarfe mai kare ta daga dutse da yashi. A 1975 Ove Andersson ya ci gasar tseren Safari ta Kenya da 504, kuma wannan gasa ce da motoci da yawa ba sa ma kai ƙarshenta. Injin da aka fi sani a nan mai silinda huɗu ne, kusan lita 2, da kafireto. Babu kwamfuta a ciki. Bakanike da sifana da kunnensa sun isa.

To a ce ta gidanku ce, kana son tashe ta. Ina za ka fara?

Ba da fenti ba. Wallahi nan samari ke faɗawa rami, a kai wa mai fenti a feshe ta tana walƙiya, a ɗora hoto a Facebook, ƙasanta kuwa duk tsatsa ta cinye. Ka fara da takardu. Motar gado ce? A zauna da magada a daidaita, a rubuta. Ka duba lambar shasi ta yi daidai da ta takarda, domin ba ka son ka kashe dubban ɗaruruwa sannan a tare ka a shingen bincike a ce motar ba taka ba ce.

Sai bodi. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba inda ƙafar direba ke sauka, ka duba ƙasan ƙofofi, cikin but, da gefen gilashin gaba inda ruwan damina ke kwanciya. Ga wata dabara: ka ɗauki maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ne, ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne a wurin, foti aka cusa aka rufe da fenti. Tsatsa ba a rufe ta, yanke ta ake yi a yi waldar sabon ƙarfe. In tsatsar ta ci inda shok ke zama ko ƙashin motar kansa, gaskiya ka yi lissafi sau biyu. Wani lokaci gara ka mai da ta uwar kayan gyara, ka nemi wata mai lafiyayyen bodi.

Injin da ya shekara goma a kwance, don Allah kada ka zo da batir ka ce a tura a tayar. Man da ke tanki ya riga ya zama danƙo, a sauke tankin a wanke. A juye tsohon baƙin mai. A cire filogi, a ɗiga mai kaɗan a kowace silinda, a bar shi ya kwana biyu, sannan a gwada juya injin da hannu. In ya juya, alhamdu lillahi, rabin aiki ya tafi. Daga nan a wanke kafireto, a sa sabon kwantak, a gyara balbul, a canza duk wani tiyo na roba, saboda zafin Zamfara ba ya barin roba da rai.

Bari in daɗe a kan lagireto, don nan ne mafi yawan Fijo suka mutu. Kan injin nan na alminiyom ne, gangar jikinsa na ƙarfe. In ya yi zafi fiye da kima, kan yana lanƙwashewa, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Me ke jawo zafin? Ruwan rijiya da muke ɗurawa shekara da shekaru. Yana barin ƙasa da farin gishiri a cikin ƙananan hanyoyin lagireto har su toshe. Direba ya ga allura ta hau, ya tsaya ya ƙara ruwan sanyi a kan injin mai tafasa, ya ƙarasa ta. A kai lagireto a buɗe a wanke sosai, a duba famfon ruwa da fanbel, a riƙa zuba ruwan lagireto na kanti. In ka cire sandar awon baƙin mai ka ga ya koma kamar shayi da madara, kashe injin nan take. Lokacin hunturu kuma, matatar iska ta zama abin dubawa duk mako, don ƙurar da ta shiga silinda gogar ringi take yi kamar sanfefa.

Birki kafin gudu. Wannan ba sai na ja ba.

Kayan gyara fa? Fanteka a Kaduna da Kofar Ruwa a Kano, har yanzu ana samu, kuma da yake 504 ta yi yawa a Nijar, masu zuwa Maraɗi ma kan samo. Ka tafi da tsohon kayan a hannunka ka gwada, kada ka saya da baki. Akwai kuma muhawarar da ake yi a gareji: a bar mata injinta, ko a ɗora mata na wata motar Japan? Ni ra'ayina, in neman abinci za ka yi da ita, ɗora abin da aljihunka zai iya, ba wanda zai zarge ka. Amma in don ajiye ta kake yi, ka bar ta yadda Kaduna ta fito da ita, har launinta da fitilun nan nata masu kama da ido. Darajarta na nan a asalinta.

Kuma kada mu yaudari juna. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mota mai kafireto ba abar yawon banza ba ce. Ba ta da jakar iskar nan mai kare mutum a haɗari. Yadda hanyoyinmu suke a yanzu, musamman ta wajen Maradun, ba wanda zai so tsohuwar mota ta mace masa a daji da yamma. Tafiyar rana, cikin gari, ko zuwa ɗaurin aure, shi ke nan.

Abin da ya fi damuna ma ba ƙarfen ba ne. Dattawan da suka san injin nan da kunne, waɗanda za su ji ƙararsa daga nesa su ce maka balbul ne ko kwantak, suna ƙarewa. Yaransu sun koma gyaran babur da Keke Napep, saboda can ne kuɗin yau yake, kuma ba laifinsu ba ne. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a Mafara, muna da ta aikin gona a Bakura. Injin 504 ɗaya a ɗakin koyo zai nuna wa ɗalibi yadda mai da iska da wuta ke haɗuwa, da idonsa, abin da sabuwar mota ta ɓoye a cikin akwatin kwamfuta. Wanda ya fahimci wannan, injin ban ruwa na fadamar Bakolori da janareto ba za su gagare shi ba.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Kana da waya mai kyamara. Ka je garejin unguwarku, ka gaida baba bakanike da ladabi, ka nemi izininsa, ka ɗauki bidiyonsa yana kwance kafireto yana bayani da Hausa. In akwai Fijo a bayan gidanku, ka ɗauki hotonta da lambar shasinta, ka tambayi manya shekarar da aka saye ta da hanyoyin da ta bi, ka turo mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.