AMANAR HANKALIN ƘANANAN YARA: INA ZA MU NEMI TAIMAKO?

Jawabin da aka gabatar ga iyaye maza da mata a Madadi, ƙaramar hukumar Gwarzo

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu 'ya'ya, Ya sanya su amana a wuyanmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, abin da ya tara mu yau shi ne lafiyar hankali da ƙwaƙwalwar yaro ƙarami, daga shekara 1 zuwa 3. Mun saba mu garzaya asibiti idan jikin yaro ya yi zafi ko gudawa ta kama shi, amma idan ya shekara biyu bai ce "Baba" ba, ko aka kira sunansa bai waiwayo ba, sai mu rabu gida biyu. Wasu su ce a ƙyale shi, nauyin baki ne, zai yi idan ya girma. Wasu kuma su ce iska ce ta taɓa shi, ko maita, ko kambun baka, a kwashe shi sai gidan boka. Dukkan hanyoyin nan biyu wuri ɗaya suke kaiwa, wato ɓata lokacin da magani ya fi tasiri, domin kuwa kafin yaro ya cika shekara 3 ƙwaƙwalwarsa takan kai kusan kashi 80 cikin 100 na girmanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ALAMOMIN DA BA A JIRA DA SU

Yara sun bambanta wajen saurin girma, amma likitocin yara sun ajiye iyakoki. Lalle ne a kai yaro a duba shi idan ya kai wata 9 ba ya zama da kansa, ko wata 12 ba ya amsa sunansa, ko wata 18 ba ya tafiya, ba ya furta kalma ko ɗaya, ba ya nuna abin da yake so da yatsa, ko kuma ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu kamar "Inna ruwa". Haka nan yaron da ba ya kallon idon mahaifiyarsa, ko yake buga kansa da bango kullum. Mafi gaggawa shi ne wanda ya fara magana ko tafiya sannan ya daina.

Waɗannan abubuwa suna da sababi sananne. Akwai doguwar naƙuda da kan hana jariri numfashi a kan lokaci, da shawarar jarirai idan ta yi tsanani, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da tamowa, da sanƙarau. Manyanmu ba su manta annobar sanƙarau ta 1996 a Kano ba, da yawan yaran da ta bari da kurumta. A 2010 kuma gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, ta kuma taɓa ƙwaƙwalwar da yawa daga waɗanda suka rayu. Akwai kuma larurar galahanga, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiyasin tana samun kimanin yaro 1 cikin 100. Wannan ba laifin uwa ba ce, kuma allurar rigakafi ba ta kawo ta. Hasali ma rigakafin ƙyanda da na sanƙarau kariya ne ga ƙwaƙwalwa. Saboda haka kiran irin wannan yaro "ɗan ruwa", da ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, zalunci ne ga rai da Allah Ya karrama.

ABIN DA MUKE JAWOWA DA HANNUNMU

Wani lokaci jikin yaro lafiya lau, zuciyarsa ce ta girgiza. Mu dubi yadda muke yaye: a shafa maɗaci a nono, a ɗauke yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka, ya rasa nono ya rasa uwa lokaci guda. Sai ya ƙi abinci, ya yi ta firgita cikin dare, mu ce ƙiwa ce. Alhali Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi nasiha a cikin littafinsa Tuhfatul Maududi cewa a yaye yaro sannu a hankali, kada a yanke masa farat ɗaya. Haka nan sakin aure da ke raba yaro da mahaifiyarsa, da faɗan miji da mata a gabansa, da duka, da tsorata shi da dodo. Mace kuma da ta shiga baƙin ciki mai tsanani bayan haihuwa, ta daina walwala da wasa da ɗanta, tana bukatar magani, kuma maganinta maganin ɗanta ne. Ga kuma sabuwar fitina, wato miƙa wa yaro waya domin ya yi shiru. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, wanda ya kai 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana.

MATAKAN NEMAN TAIMAKO

Gaskiya ne masana sun yi ƙaranci. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Amma ƙaranci ba rashi ba ne, kuma hanyar tana da tsari.

Na farko, a fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, a tafi da katin rigakafi, a auna nauyin yaro, a gaya wa ma'aikaci abin da aka gani ba tare da ɓoye komai ba.

Na biyu, a wuce Babban Asibitin Gwarzo, mutanen Kabo kuma asibitin da ke kusa da su, a ga likita, a roƙi takardar turawa zuwa Kano.

Na uku, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano akwai likitocin yara, da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, da sashen ƙwaƙwalwa, da masu gashin ƙashi. Duk yaron da bai yi magana ba, a fara gwada jinsa, domin sau da yawa matsalar a kunne take. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, da na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, tare da cibiyar kula da kunne ta ƙasa a can Kadunan. Wanda aka tabbatar da kurumtarsa, makarantar Tudun Maliki a Kano tana koyar da irinsa idan ya isa shiga.

Na huɗu, mu san mai maganin ƙwarai. Shi ne wanda zai yi tambaya tun daga goyon ciki, ya zauna ya kalli yadda yaro ke wasa, ya koya wa uwa abin da za ta riƙa yi a gida, ya kuma sa ranar dawowa. Wanda ya yi alkawarin warkewa cikin mako ɗaya, ko ya ba da maganin barci domin yaro ya daina ƙiriniya, a guje shi. Idan kuma yaro yana jijjiga, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa komai, kada a turara shi da hayaƙi. A nufi asibiti.

Addu'a da neman tsari ga 'ya'ya abu ne da shari'a ta koyar, kuma ba ya karo da zuwa asibiti. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya wallafa littattafai a kan ilimin magani. Abin da muke hani a kansa shi ne layu da guraye da yanka wa aljanu.

NAUYIN DA KE KANMU

Ya ku magidanta, yawancin jinkirin daga wurinmu yake, domin uwa ce ke fara lura, amma izini da kuɗin mota suna hannun miji. Idan ta ce ta ga wani abu, a saurare ta, a raka ta. Ku kuma iyaye mata da kakanni, mafi yawan maganin a tsakar gida yake: a yi wa yaro magana ana kallon idonsa, a ambaci sunan ƙwarya da tsintsiya da akuya, a yi masa tatsuniya, a bar shi cikin 'yan'uwansa, a ba shi ƙwai da wake da zogale gwargwadon hali. Jama'ar kowane masallaci kuma su duba gidan da ke da irin wannan yaro, su tallafa da kuɗin zuwa Kano, su hana yaran unguwa tsokanarsa.

Allah Ya raya mana zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu ikon sauke wannan amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.