Yadda Ake Kula Da Furen Wardi A Cikin Tukunya

Wannan jawabi ne da wani malamin gona ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, maza da mata. An buga shi domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.

 Wardi shi ne furen nan mai ƙamshi, mai ƙaya a jikin reshe, wanda 'yan birni suke kira ros. Akwai ja, akwai fari, akwai ruwan ɗorawa. Alhazai sun san shi, domin garin Ɗa'ifa na ƙasar Saudiyya ya yi suna wajen nomansa, kuma da ruwan wardi ake haɗa ruwan Zamzam a wanke Ka'aba. A ƙasar Kenya ana noma shi da yawa a gefen tafkin Naibasha, a ɗora a jirgin sama zuwa Turai. A nan gida ya fi jin daɗin ƙasar Jos saboda sanyinta.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin ƙauye da fure, tun da ba a miya da shi? To, masu sayar da shuke-shuke a bakin titin Kano da Kaduna da Abuja da shi suke cin abinci. Mace tana cikin gidanta za ta iya rainon tukunya goma. Amma wardi ba ya yafe sakaci. Wanda ya sa kuɗinsa ya sayo dashe bai san kula da shi ba, cikin mako biyu sai ya tarar da busasshen icce.

Tukunya da ƙasa

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, ta fi gwangwani nesa ba kusa ba. Gwangwani da baƙar roba suna ɗaukar zafin rana su dafa saiwa. Tukunyar ƙasa kuwa tana tsatsar da ruwa ta sanyaya cikinta, kamar yadda randa take yi. A nemi mai zurfin kamar santimita 40, faɗinta ma haka. Tilas a huda gindinta wuri uku ko huɗu, a kifa tsingaro a kan hudar don kada ƙasa ta toshe ta. Tukunyar da ba huda kabarin wardi ce, domin saiwa tana bukatar iska, in ruwa ya kwanta sai ta ruɓe.

A haɗa ƙasa mai kyau kwano biyu, ruɓaɓɓen taki kwano ɗaya, yashi kwano ɗaya. A lura da kalmar nan, ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki yana ƙona saiwa. Sai wanda ya daɗe a juji, ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Laka zalla ba ta yi, tana daskarewa kamar tubali. A ɗora tukunyar a kan bulo ko duwatsu, ruwa ya samu hanyar fita, gara kuma ta sha wuyar shiga.

Rana da ban ruwa

Wardi yana son rana kamar awa 6 kowace rana. In an ɓoye shi a inuwa zai yi tsawo ya rame, ba fure. Amma ranar bazara, daga Maris zuwa Mayu, ta fi ƙarfinsa. A ajiye shi gabas da katanga ko ɗaki, ya sha hantsi, in azahar ta yi inuwa ta rufe shi. Amfanin tukunya ke nan, ana iya gusar da ita.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Wasu su bar shi da ƙishirwa, wasu su yi ta kwarara masa ruwa don ƙauna har su kashe shi. Ga gwaji mai sauƙi. Mutum ya tura yatsansa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In ya ji danshi, ya bari. In ya ji a bushe, ya zuba ruwa a hankali har ya ga yana ɗiga ta ƙasa. Da bazara ana ba shi kullum da sassafe, wani lokaci a ƙara da yamma. Da damina ana iya kwanaki ba a ba shi ba. A zuba a gindi, kada a jiƙa ganye. Ruwan alwala da na wankin shinkafa suna da kyau, ruwan wanki mai Omo kuwa a kai shi can nesa. In an shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa a bakin tukunyar, danshi zai daɗe.

Abincin da ke cikin tukunya kaɗan ne, ban ruwa kuma yana wanke shi. Saboda haka duk wata a ƙara taki tafi ɗaya. Mai takin zamani NPK ya barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya a gefen tukunyar, nesa da kara, bayan ya jiƙa ƙasar. Bayan shekara 2 ko 3 a fitar da shukar, a sake mata sabuwar ƙasa.

Aski

Furen da ya yi yaushi a yanke shi, kada a bari ya yi 'ya'ya, sai wani ya fito. A duba ƙasa da furen, a sami ganye mai 'yan kunnuwa biyar, a yanka kaɗan sama da shi da wuƙa mai kaifi, a karkace. A cire busassun rassa da waɗanda suke gugar juna. Yawancin wardin da ake sayarwa mai aure ne, kamar mangwaro. In wani reshe ya tsiro daga ƙasa da wurin auren, a fizge shi, domin na jeji ne, zai cinye abincin ya kashe mai kyan.

Cuta da ƙwari

Da damina ganye yakan yi ɗigo-ɗigo baƙi, ya koma rawaya ya zube. Ganye mai kwana da jiƙa ne yake kamuwa. A tsince masu cutar har da waɗanda suka faɗi, a ƙona. A ba tukwane tazara iska ta ratsa. Darɓa kuwa, wadda manoman gyaɗa da wake suka sani, tana taruwa a kan toho tana tsotse shi. A daka 'ya'yan dalbejiya, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulun wanka, a yayyafa da yamma. Da hunturu wasu ƙwari ƙanana ƙwarai suna saƙa a bayan ganye. Wannan ne lokacin da aka yarda a wanke ganye, amma da safe, don ya bushe kafin dare. Wanda ya fesa maganin ƙwari na kanti kada ya sa furen a shayi ko abin sha, kuma ya hana yara taɓa shi.

Sai babban ɓarawo, akuya. Ƙayar wardi ba ta hana ta komai, cikin ɗan lokaci za ta aske shi tas. A kewaye shi da zana ko waya.

Mai son ya yawaita wardinsa ba sai ya sake saye ba. Ya yanki reshe mai kaurin fensir, ya cire ganyen ƙasa, ya soka rabinsa cikin yashi mai danshi a inuwa. Damina ce lokacin da ya fi kamawa. Cikin mako 4 zuwa 8 saiwa za ta fito. Ba duka ne suke kamawa ba, saboda haka a soka da yawa, kuma kada a riƙa zaro su ana dubawa.