Jawabi ga ƴan makarantar yaƙi da jahilci: uba mai karatu, gida mai karatu



Damina ta kusa. In ruwa ya sauka, za a rufe makaranta, kowa ya nufi gona. Wanda ya aje littafi wata biyar, in rani ya komo sai ya iske baƙaƙe sun gudu. Ga kuma ƙauyukan da lakwal ke nesa da su, yara na zaune gida, musamman ƴan mata. Maganin duka biyun ɗaya ne: uba da uwa su zama malaman gidansu.

Wannan ba sabon abu ba ne. An haifi Shehu Usumanu ɗan Fodiyo a Maratta, ƙasar Gobir, cikin shekara ta 1754. Garin yana cikin jihar Tawa ta yanzu. Daga baya iyalinsa suka zauna Degel, wadda ke cikin Najeriya yau. Can ya karantar da ɗiyansa cikin gida, maza da mata. Shi kansa bai daina karatu da rubutu ba, yara suna gani.

A shekara ta 1804 ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Tafiya ce ta wahala, amma ba a bar littattafai baya ba.

Shehu ya san abin da ya dace da kowa. Ya rubuta ma malamai littattafai da Larabci. Ya tsara ma sauran jama'a waƙoƙi da Fulatanci, masu sauƙin riƙewa. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta tashi cikin wannan gida. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta horar da mata, ana ce musu jaji, suna bin ƙauyuka suna koyar da ƴan uwansu. Ta rasu a 1864, har yau ana karanta aikinta.

To, yaya magidanci na yau zai yi?

Na ɗaya, ya fara da kansa. Bayan la'asar, kafin duhu, ya zauna bisa tabarma ya karanta shafi guda da ƙarfi. Yaro abin da ya gani yake yi.

Na biyu, ya zaɓi littafi daidai da yaro. Ƙarami a ba shi littafin farko na makarantar yaƙi da jahilci, mai manyan baƙaƙe. Wanda ya iya haɗa kalmomi a ba shi labari mai daɗi, kamar Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, ko Magana Jari Ce, mai littafi 3. Littattafan nan a Najeriya aka buga su. Inda ake rubuta ƴ a Nijar, can 'y suke sawa. A nuna ma yaro, kada ya ruɗe.

Na uku, kada ya miƙa ma yaro littafin da shi bai karanta ba. In yaro ya yi tambaya, ya iske amsa.

Na huɗu, a haɗa da karatun amfanin gida: wannan jarida, takardar likita, takardar awon kaya a kasuwa. Uwa ta sa ɗiyarta ta karanta ranar rigakafi cikin karnen jariri.

Na biyar, a tsare littafi daga gara da yoyon ɗaki. A sa shi cikin gafaka ko akwatin ƙarfe. Wanda ya gama nashi ya yi musanya da maƙwabci.

In an buɗe makaranta da rani, malami zai gane gidan da aka yi karatu. Allah shi ba da damina mai albarka.