Ɗanka ya ci bak, to me ya sani game da sida?



Kai da ka sayar da bisashe ko buhun wake don ɗanka ya shiga jami'a, da kai nake yau. Tun da aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2010, ba dole sai yaro ya je Yamai ba. Amma ko kusa ne ya bar gabanka, yana ɗakin haya da abokai, kuɗin bursa kuma kun san yadda suke jinkiri. Yarinyar da ta kwana biyu ba ta da na abinci, mai mota ba ya shan wahalar shawo kanta. Magana ce da ake jin nauyi, ni dai zan faɗe ta.

Sunan sida, ko ƙanjamau yadda ake cewa ƙetaren iyaka, kowane ɗalibi ya ji shi. Ka tambaye shi abin da ya wuce sunan. Sai ka tarar da mai karatun lauya yana ƙyamar cin tuwo kwano ɗaya da mai cutar, alhali ba ta nan take bi ba. Sauro ba ya ɗaukar ta, gaisawa ba ta sa ta. Tana bi ta saduwa ba kwaroron roba, ta jini, ta allura ko askar da aka yi tarayya, sai daga uwa zuwa jariri lokacin ciki, haihuwa ko shayarwa. Mutum yana shekaru da ita jikinsa garau. Awo kaɗai ke nuna ta, shi kuwa ake gudu.

Maganin ARV ba ya raba mutum da ƙwayar, amma mai shan sa kullum yana gama karatu, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Wadda aka yi wa fyaɗe kuma, akwai maganin kariya idan ta isa likita kafin awa 72. Ɗalibai nawa aka gaya wa wannan?

Ran 1 ga Disamba a raba riguna, a yi jawabi, washegari shiru. Mu abin da muke nema shi ne wurin awo na sirri cikin kowace jami'a, da biyan bursa kan lokaci. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arka, har da mu, ka tambaye shi waɗannan biyun. Idan ɗanka ya zo hutu kuma kunya ta hana ka, ka sa kawunsa ya raka shi awo.