Wani ɓangare na ruwan rijiyoyin Difa daga Kano yake tasowa

Jawabin da wani masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya gabatar gaban manoman tattasai a birnin Difa



Ruwan da muke ja daga rijiyoyin bakin Kwamadugu, tun daga Difa har Boso da Yebi, akasarinsa ba na daminarmu ba ne. Kogin ne ke tsatsafa shi cikin rairayi lokacin cikarsa. Shi ya sa rijiyar bakin kogi take da daɗi, amma da zarar an nausa arewa cikin filin Kadzel sai ruwa ya yi zurfi, a wurare da dama ya zama zartsi. Abin da kogi ya sha, shi rijiya za ta sha.

To, ina kogin ya sha nasa? Kwamadugu haɗuwar kogin Hadeja ce da na Jama'are, shi kuwa Hadeja daga ƙasar Kano ya taso. A can majemun Calawa da Sharaɗa suke jeme fatu da sinadarin kuromiyom, kuma shekaru da yawa ruwan dattinsu yana gangarawa kogin Calawa. Fadamun Hadeja da Nguru suna tace mana da yawa daga ciki, wannan rahamar Allah ce. Sai dai tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ambaliyar da ke rayar da fadamun nan ta ragu, matatar ta ƙanƙance.

Kada kuma mu ɗora wa maƙwabta laifi duka. Takin zamani da muke zuba wa tattasai fiye da kima yana komawa sinadarin nitarat, ruwan ban-ruwa ya gangara da shi ƙasa. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙayyade miligiram 50 a kowace lita. Idan ya zarce, jarirai ne farkon cutuwa, domin jininsu yakan kasa ɗaukar iska. Ba shi da launi, ba shi da wari, tafasawa ma ba ta fitar da shi. Ga kuma masai da aka haƙa dab da rijiyoyi tun da hare-haren Fabrairun 2015 suka tara jama'a wuri guda.

Man Agadem, da aka fara haƙowa a 2011, yana nesa da kogi, amma makiyayanmu can suke shayarwa. Mu tuna a 2013 Cadi ta dakatar da kamfanin CNPC saboda ɗanyen mai da aka zubar cikin ramuka.

Hukumar tafkin Cadi, wadda Nijar da Najeriya suke ciki tun kafa ta a 1964, ita ce zauren da ya dace a kai maganar Kano. Mu kuwa a nan gida, a riƙa auna rijiyoyinmu sau biyu a shekara, bayan cikar kogi da tsakiyar rani, a karanta sakamakon a rediyo cikin Barbarci da Hausa, rijiya bayan rijiya, kowace da sunan garinta.