Sunan da ke riga saƙonka isa



Yau ina so mu taɓa wani ƙaramin abu da ke sa mutum rasa babban rabo, wato sunan da ke fitowa idan ka aika imel.

Na sha duba saƙonnin masu neman horo. Sai ka ga matashi ya gama jami'a a Yamai ko Damagaram, takardunsa tsaf, amma saƙonsa ya iso da "Ɗan Gata 227". Mai ɗaukar aiki sunan nan yake fara gani, tun kafin CV. Idan saƙonni sun yi masa yawa, wani ko buɗewa ba ya yi.

Gyaran ba wuya. A Gmail, kan kwamfuta, ka shiga Paramètres, sai Comptes et importation, ka nemi Envoyer des e-mails en tant que, ka rubuta sunanka yadda yake a katin ɗan ƙasa. Adireshinka yana nan yadda yake. Bayan nan ka aika wa aboki saƙo, ya faɗa maka abin da ya gani.

Amma fa ku lura: yadda ka canza naka cikin sauƙi, haka ɗan damfara zai sa sunan banki ko na wata ƙungiyar agaji. Kafin ka tura hoton fasfo ko kuɗi, taɓa sunan ka karanta adireshin da ke ƙarƙashinsa.

Kowa ya duba nasa yau.